Wurin da Ya Jiƙe a Benci na Uku

Shekara goma sha tara ke nan tana koyar da aji biyu a firamaren da ke bayan tashar mota, a ɗaki guda mai taga uku da allon da ya tsage ta kusurwar hagu. Sau biyu ana ba ta aji shida tana cewa a bar ta inda take. A ganinta ɗan shekara bakwai shi ne wanda ake iya kamo wa karatu a sa masa a hannu, in ya wuce nan sai dai a bi shi da gudu. Iyaye suna ce mata Malamar aji biyu. Tsofaffin ɗalibanta kuwa, waɗanda wasunsu yanzu su ke kawo nasu 'ya'yan, Malamar Igiya suka sani, don a da in an fita tara takan tattare zaninta ta shiga tsallen igiya da 'yan mata, ta yi hamsin ba ta harɗe ba, tana dariyar da ake ji har ofis.

Tana da hanyar koyarwarta da kowa ya san ta da ita. Ba ta kiran yaro gaban allo ya karanta. Ta ce tsoro ke cinye harafi a bakin yaro. Sai ta je bencinsa, ta ture shi kaɗan da ƙugunta ta zauna, ta ɗora yatsa a kan layin su bi shi tare. Bencin na mutum uku ne, in ta zo na bakin yakan tashi ya tsaya har ta gama. Yara suna rububin wannan zama kamar abin rabo.

Abin ya fara ne bayan haihuwarta ta biyar. Autar ta zo da girma, naƙudar kuma ta daɗe. Wata huɗu da komawa aiki ta shiga igiya kamar yadda ta saba, a tsalle na shida ta ji ɗumi ya sauko mata. Ɗigo ne kawai. Ta ce wa yaran gwiwarta ce, ta koma aji. Daga nan sai tari, sai atishawa, sai ɗaukar bokiti, sai dariya. Ba kullum ba, ba kuma da yawa ba a farko, amma ba ta taɓa sanin lokacin da zai zo ba.

Abin da ta yi a shekara takwas da suka biyo baya ba shi da wuyar lissafawa. Ta bar igiya. Ta kwashe atamfofinta masu haske ta ba ƙannenta, ta koma baƙi da ruwan ƙasa. Ta yanyanka tsoffin tawul gida-gida tana ninkewa tana sawa, ɗaya a jiki, ɗaya a jaka cikin baƙar leda. Ta daina shan ruwa daga safe har a tashi makaranta. In ta je gidan mutane ba ta zama a kujera mai laushi, sai ta ce bayanta ya fi son tabarma. Kowace salla sai ta sake kaya. Ta kuma koyi danne dariya: takan haɗe leɓe, ta matse cinyoyi, ta kalli ƙasa har abin ya wuce. A ɗakin malamai aka fara cewa ta zama mai girman kai.

Mijinta kafinta ne, mutum mai barkwanci, irin wanda ba ya iya ba da labarin tsadar ƙusa ba tare da ya kwaikwayi muryar mai shagon ba. Shi ya fi kowa shan wahalar shirun.

"Malama, ni fa mace mai dariya na aura," ya ce mata wata rana. "Wa ya musanya mini?"

"Shekaru ne, Baban Auta."

"To ni shekarun ba su san gidanmu ɗaya ba ne? Ko na yi laifi ne a faɗa mini in biya tara?"

"Ba ka yi komai ba."

"Wannan 'ba ka yi komai ba' ɗin ita ke kashe maza," ya ce, ya ɗauki hularsa.

Asibiti bai zo mata a rai ba. Iri biyu ta sani: yoyon fitsarin da ake magana a rediyo, wanda ba ya tsayawa dare da rana, da kuma na tsofaffin da ake shimfiɗa wa leda. Ita ba ta cikin ko ɗaya. Sau ɗaya ta gwada yi wa yayarta zancen, a kaikaice, kamar labarin wata. Yayar ta gane nan take.

"Ke, kin haifi biyar kina so ki zauna kamar sabuwar randa? Kowa haka take. Ki sa tsumma ki yi shiru."

Ta sa tsumma ta yi shiru.

Ranar da abin ya faru Talata ce. Mura ta kama ta, mijin ya tsare ta da safe sai da ta shanye kofi biyu na shayi don maƙogwaro. Kafin a fita tara ta riga ta sake tawul, na jakar ma ya tafi. Bayan an dawo ta sa a goge allo, ƙurar alli ta tashi, ita kuma ta nufi benci na uku a layin taga.

A nan 'yar tela take zama, yarinya mafi ƙanƙanta a ajin, mai in'ina kaɗan, wadda uwarta ke ɗinki a layin bayan kasuwa. Zango guda malamar ta yi tana fama da ita, a makon nan ne ta fara haɗa harafi uku ta fitar da kalma. Yaron da ke baki ya tashi, malamar ta zauna, ta ɗora yatsa a kan layin. Atishawa ta zo, ɗaya, biyu, uku a jere. Ta ji ya wuce tawul, ya wuce zani.

Ta rufe littafin. Ta miƙe, ta koma teburinta da baya da baya, kamar mai duba rubutun yara, ta zauna. Yaron ya koma wurinsa, ya dafa katako, ya zabura yana yarfe hannu.

"Malama! 'Yar tela ta yi fitsari!"

Bencin tsoho ne, yana da tsaga a tsakiya, ruwan ya bi tsagar ya jiƙa gefen siket ɗin yarinyar. Yara arba'in da biyu suka taso. Yarinyar ba ta kalli siket ɗinta ba, ba ta kalli yaran ba. Malamar kawai ta zuba wa ido.

Malamar ta buga tebur ta ce, "Ku yi mini shiru! Ke, tashi ki je ki wanke."

Wannan maganar ita take maimaitawa har yau in zancen ya zo nan. "Ban ce ita ce ba," in ji ta. "Na daɗe ina riƙe da wannan. Amma na ce ta je ta wanke. Wanda bai yi ba, me zai wanke?"

Kafin a tashi an raɗa wa yarinyar suna: Famfo. In ta wuce sai a toshe hanci, wani ya murɗa hannu a iska kamar mai buɗe kan famfo, sauran su yi "shiiii". Malamar ta hana a cikin aji, ta ma bugi biyu da rula. A waje ba ta da iko. Da ta zo benci na uku washegari, yarinyar ta kalli layin da ta karanta jiya ta kasa fitar da ko harafi ɗaya.

Ranar Alhamis uwar ta zo, da zare a jikin mayafinta, tana jan yarinyar a hannu. Ta durƙusa ta gaishe da malamar.

"Malama, haƙuri na zo bayarwa. Wallahi tun tana shekara uku rabonta da wannan. Na zane ta sosai. Yanzu na hana ta ruwa da safe, sai ta dawo. Ke ma in ta ce za ta sha a nan kar ki bari."

"Yara ne," malamar ta ce. "A yi haƙuri da ita."

Ta kalli bakin yarinyar. Leɓen ya bushe ya fara tsagewa a tsakiya, fari-fari a gefe. Irin leɓen da take gani a madubi kowace azahar.

Mako biyu yarinyar ta ƙara yi tana zuwa, sannan ta daina. Kowace safiya malamar ta kira rajista, in ta zo kanta sai wani daga baya ya ce, "Famfo ya ƙafe!" a yi dariya, ita kuma ta zana da'irar rashin zuwa. Da'ira tara ta zana kafin wani ya tare ta da zancen. A rana ta biyar ta rubuta takardar ajiye aiki, ta ce saboda rashin lafiya, ta ninke ta sa a jaka kusa da baƙar ledar. A tunaninta in ta tafi abin zai tafi da ita. Ba ta miƙa ba, ba ta kuma yaga ba.

Wadda ta tare ta ita ce Iya mai shara, tsohuwar da ke share ajujuwa da wanke banɗakin makarantar tun kafin a ɗauki malamar aiki. Ranar Juma'a bayan an tashi, malamar tana haɗa littattafai, Iya ta shigo da bokiti da tsumma, ta tura ƙofa da ƙafa.

"Malama, zauna mana."

"Sauri nake, Iya."

"Ai na sani. Ke da zama sai in ya zama dole." Ta matse tsumman. "Yarinyar nan ta layin taga, an ce ta bar zuwa."

"Haka ne."

"Ni na goge bencin ranar." Iya ta ci gaba da goge tebur, ba ta ɗago ba. "Shekara ashirin da shida ina goge fitsarin yara a makarantar nan. Na yaro ruwa ne, kafin ya yi zarni sai ya kwana. Wanda na goge ranar nan na mutumin da ba ya shan ruwa ne. Kuma yarinya in ta yi, ƙarƙashinta ke jiƙewa. Na taya ta wanke siket ɗin. Gefe ne."

Malamar ta zauna a bencin gaba, na yara, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta.

"Wa kika gaya wa?"

"Ni? Nawa ne da zan faɗa?" Iya ta ajiye tsumman. "Saurara, 'yar nan. Ni tara na haifa. Akwai lokacin da in na tsaya shara sai in ji kamar ƙwai zai faɗo daga jikina. Mahaifa ce ta sauko. Shekara shida ke nan da zoben roba a jikina, ina zuwa ana dubawa, ga ni ina ɗaukar bokiti. Babban asibiti, ɓangaren mata, ranar Laraba, ƙofar da ke kusa da inda ake awon ciki. Ni da ban san bihim ba na je. Ke mai boko kina nan kina yankan tawul."

"Ta yaya kika san da tawul?"

"Wa ke kwashe kwandon sharar banɗakin malamai?"

Malamar ta rufe fuska da gefen mayafi. Iya ta bar ta ta yi kukanta, ta goge benci biyu, sannan ta ce, "Naki yana da likita. Na yarinyar ne ban san inda za a kai ba."

Ranar Laraba ta nemi izini ta ce haƙori ne. A wurin yankar kati ma'aikacin ya tambaye ta abin da ke damun ta da muryar da duk layin ya ji, ta ce ciwon mara. A bakin ƙofar da Iya ta kwatanta akwai mata goma sha ɗaya a kan dogon benci, wasu sun girme ta, uku ba su kai talatin ba. Ba mai kallon wata. Nas ɗin da ke kiran suna ta leƙo ta ce, "Wadda ta ji tari ta yi abinta, bencin nan ya ga abin da ya fi haka." Wata tsohuwa ta tuntsure da dariya, ta kama ƙasan cikinta tana cewa, "Kai, 'yar nan, za ki ja mini!" Daga nan aka fara hira.

Likitar mace ce, ba ta kai ta shekaru ba. Tambayoyi ta yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, tana rubutawa. Yaushe yake zuwa, in an yi tari da dariya ne, ko kuwa matsuwa ce ke zuwa farat ɗaya a kasa kaiwa banɗaki? Haihuwa nawa, wanne ya fi girma, an taɓa jan yaro da ƙarfe? Bayan gida yana tauri? Shayi kofi nawa? Tana jin wani abu yana saukowa? Aka karɓi fitsarinta aka gwada, ba ƙwayar cuta, ba suga, sai dai ya yi kauri ya yi duhu. Aka ba ta takarda ta je ta yi kwana uku tana rubuta abin da ta sha, da lokacin da ta zaga, da lokacin da ya zubo, da abin da take yi sa'ad da ya zubo. Ta ja layukan da rula. Da ta dawo Larabar gaba likitar ta ɗaga takardar ta nuna wa nas ta ce, "Kin ga aikin malamai."

Ranar ce aka duba ta. An ce ta zo da mara cike. Ta kwanta a kan gadon, an rufa mata zani, likitar ta ce, "Yi tari da ƙarfi."

Ta kasa. Shekara takwas tana koyon hana kanta tari.

"Malama, abin da kike ɓoyewa shi nake so in gani. Yi."

Ta yi. Ya zubo. Ta juya fuska bango.

"To, mun gani," likitar ta ce, da muryar mai karanta ma'aunin zafin jiki. Ta sa ta matse ƙasanta ta ji ƙarfin wurin, ta sa ta yi nishi ta duba ko wani abu ya sauko, sannan bayan ta zaga aka ɗora mata na'ura a mara don a ga ko akwai sauran da ya rage.

Bayanin da aka yi mata gajere ne. Ba huda ba ce irin ta yoyon fitsarin da ake magana a rediyo. Akwai tsokoki a ƙasan ƙugu da ke tallafe da mafitsara da mahaifa da hanji, kamar saƙar igiyar gado. Ciki da haihuwa sun sassauta nata, mafitsarar ma ta ɗan sauko kaɗan, shi ya sa in tari ya danno daga sama bakin ba ya riƙewa. Mata da yawa suna da shi, mafi yawansu ba sa zuwa. Hana kai ruwa ba ya maganinsa, sai ma ya sa fitsarin ya yi kauri, ya yi wari, ya dami mafitsarar. Za a tura ta sashen gashin ƙashi a koya mata motsa tsokar, ta yi wata uku tana yi kullum. Ta sha ruwa daidai, ta rage shayi, ta kula kar bayan gida ya yi tauri. In tana so a gwada mata zobe irin na Iya don lokacin aiki. In duk bai yi ba akwai tiyata, sai a zauna a yi maganarta.

"Ba zan ce miki za ki koma kamar ba ki taɓa haihuwa ba," likitar ta ce. "Amma yawanci ana samun sauƙi sosai." Ta rufe fayil ɗin, ta sake buɗewa. "Shekara takwas. Me ya kawo ki yanzu?"

Malamar ta faɗa mata, tun daga shayin har zuwa da'irorin rajista, waɗanda a lokacin sun kai goma sha bakwai. Likitar ta ajiye biro.

"Wannan ba ni da maganinsa," ta ce. "Abu ɗaya zan ce a matsayina na likita. A gaya wa uwar ta ba yarinyar nan ruwa. Yau."

Daga asibitin ba ta koma gida ba. Shagon telar ɗaki ne ƙarami, keke biyu, tebur ɗaya, kaya rataye a igiya. Uwar tana kan keke, yarinyar tana zaune a ƙasa kusa da ƙafarta tana warware wani ɗinki da reza. Da ta ga malamar sai ta sunkuyar da kai.

"A'a, Malama da kanki! Sannu da zuwa. Ke, ba ki iya gaisuwa ba? Wallahi na yi na yi ta koma, in na kai ta bakin ƙofa sai ta ƙanƙame ƙarfe. Ga kujera."

"Bar ni a tsaye. Maman yarinya, ba ita ta yi fitsarin nan ba. Ni ce."

Ƙafar telar ta ci gaba da taka keken sau biyu ko uku kafin ta tsaya.

"Ban gane ba."

"Ina da lalura. In na yi atishawa yana zubo mini. Ina zaune kusa da ita ranar. Na tashi na bar ta da shi."

Telar ta dube ta daga sama har ƙasa, baƙin zanin, baƙin mayafin, jakar da ta rungume. Ta cire allurar da ke bakinta ta soke a hannun rigarta.

"Sau nawa na tambaye ta," ta ce a hankali. "Ta ce ba ita ba ce. Na ce to wa? Ta yi shiru. Na ƙara mata don ƙarya, na ƙara mata don shirun." Ta juya ga yarinyar. "Ke. Kin san wanda ya yi?"

Yarinyar ta gyaɗa kai.

"Don me ba ki faɗa ba?"

Ta ɗauki lokaci kafin kalmar ta fito, in'inar ta riƙe ta. "Ma... Malama ce."

A shagon kusa wani yana buga ƙarfe. Telar ta tashi ta ɗebo ruwa a kofi, ta miƙa wa 'yarta, ta tsaya a kanta har ta shanye, ta ƙaro. Ba ta yi wa malamar tayi ba.

"Na zo neman gafara," malamar ta ce.

"Wurina? Ni aka toshe wa hanci? Yara nawa ne a ajin naki?"

"Arba'in da biyu."

"To a gabansu aka yi. Ki je can." Ta zauna, ta ja yadin ƙarƙashin allura. "Ni kuma hannuna da na sa mata, wannan tsakanina da ita ne. Ki gaida gida."

Ta biya ta shagon mijinta. Yana fere ƙafar kujera, ta tsaya a cikin ɓawon katako ta gaya masa duka, ba ta kalle shi ba. Ya ajiye abin feren.

"Shekara takwas?" ya ce. "Ni ina nan ina ta binciken laifina." Ya buɗe baki kamar zai yi wasa, ya fasa. Ya share hannu a riga. "Shayin nan ni na matsa miki."

"Ba shayin ba ne, Baban Auta."

"In yi wa ajin sabon benci?"

"Bar shi. Ba bencin ba ne."

Ranar Alhamis bayan rajista ta tsaya a gaban allo, ta ce kowa ya ajiye fensir.

"Kun tuna ranar da benci na uku ya jiƙe? Ba 'yar tela ba ce. Ni ce. Ba ni da lafiya, ina zuwa asibiti. Na ji kunya na yi shiru, na bari kuka yi mata dariya. Abin da na yi ba daidai ba ne."

Yaron da ya fara ihun ranar ya ɗaga hannu.

"Malama, manya ma suna yi?"

"Suna yi."

"An dake ki?"

"A'a. Ita aka daka."

Wani ya ƙyalƙyale a baya, na kusa da shi ya zungure shi. Ta ce a buɗe shafi na talatin da ɗaya.

Kafin azahar labarin ya gama makarantar. Shugabar makaranta ta kira ta ofis, ta rufe ƙofa ta ce, "Haba Malama, ai da kin zo mun san yadda za mu yi, ba sai kin tona wa kanki asiri a gaban yara ba." Ta ce ta gode. A ɗakin malamai in ta shigo hira takan mutu, wani malami ya daina zama a kujerar da ta tashi. Iyaye biyu suka nemi a sauya wa 'ya'yansu aji. Mako na gaba aka rubuta da gawayi a bangon banɗaki: Malama Famfo. Iya mai shara ta zo da tsumma, malamar ta ce ta bari ruwan sama ya wanke. Iya ta ce ruwan sama ba shi ake biya ba, ta goge. Wata malamar aji biyar kuma, wadda ba su cika magana ba, ta same ta ita kaɗai a bakin famfon makaranta, ta tambaye ta ƙasa-ƙasa wace rana ce ake ganin likitar, wai don wata ƙanwarta.

Wata biyar ke nan yanzu. Matar sashen gashin ƙashi ta sha fama kafin malamar ta gano tsokar da ake nufi, don da farko ciki da cinya take matsewa tana riƙe numfashi. Yanzu ta ɗaura abin da ƙararrawar makaranta: ƙararrawar shiga aji, da ta fita tara, da ta tashi, kowacce matsewa goma, tana tsaye tana rubutu a allo ba wanda ya sani. Ta koyi matsewa kafin atishawa ta fito. Tana sa zoben a ranakun aiki. Zubar ta ragu zuwa sau ɗaya ko biyu a mako, likitar ta ce a ƙara wata uku kafin a yi zancen tiyata. Akwai gorar ruwa a kan teburinta. Ba ta koma igiya ba. Takardar ajiye aikin tana cikin jaka har yanzu, ta yi laushi a wurin ninki. Sunan bai mutu ba, takan ji shi a bayanta a hanyar tasha, daga bakin yaran da ba ma ajinta suke ba.

'Yar tela ta dawo ranar Litinin da ta biyo bayan wannan Alhamis ɗin, uwarta ta rako ta har ƙofar aji, ta gaishe da malamar gaisuwar da ba ta wuce kalma biyu ba. Ba wanda ya ƙara ce mata Famfo. Ta koma benci na uku. Karatun ya dawo a hankali, yanzu tana haɗa jimla.

Ranar farko da layi ya zo kanta, malamar ta nufo bencin da littafi, yaron baki ya tashi kamar kullum. Yarinyar ma ta tashi. Ta ɗauki nata littafin, ta ratsa ta ɗaya gefen, ta je gaban allo ta tsaya, ta fuskanci ajin, ta fara karantawa da in'inarta, yatsanta a kan layi. Malamar ta tsaya a inda take har ta kai aya.

Haka suke yi har yau. A shekara goma sha tara, ita kaɗai ce ɗalibar da ke karatu a gaban allo a ajin nan, malamar kuma ba ta taɓa ce mata ta dawo ta zauna ba.